Rumbunan Dutse na Soajo

Mu mutanen Yasore ne, a ƙasar Batsari. Nan aka haifi Baba, nan ya haife mu, kuma da son ransa ne nan zai zauna har a kai shi maƙabartar bayan gari. Sai shekarun da 'yan bindiga suka hana mutane sakat suka zo suka tashe mu. Da farko shanu aka kora. Daga baya aka cinna wa rumbunan unguwarmu wuta, har da nasa, cike da geron da ko dami ɗaya bai kwance ba. Bayan wannan na goyo shi a babur na kawo shi cikin garin Batsari, na kama masa ɗaki a gidan wani mai sayar da taki. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Safana, kullum ina kan hanya tsakanin can da nan.

Tun muna ƙauye yanar ido ta fara rufe masa gani, a Batsari kuwa ta gama aikinta. Na kai shi Katsina aka yi masa aiki. Ranar da aka kwance bandejin ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ashe ka yi hurhura." Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, in ya matsu sai ya ce "malamin makaranta". Da muka koma Batsari ya zauna a bakin ƙofar ɗakinsa, ya dubi katanga, ya dubi buhunan taki, ya dubi kwata, ya ce, "To, an buɗe mani ido. Mi zan gani?"

Ƙanwata, autarmu, tana aure a Portugal. Mijinta ɗan garin Zakka ne, ya karanci ilimin ƙasar noma, aka ba shi gurbin ƙaro karatu a can, ya tafi da ita. A shekarar ta haifi ɗa namiji, aka sa masa sunan Baba. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, gidan da za a dawo wankan jego kuma babu shi. Sai Auta ta dage lallai Baba ya zo ya ga takwaransa, ni kuma in rako shi. Ya ce shi in har zai hau jirgin sama, Makka zai tahi. Ta yi ta kuka a waya har ya ce, "To, ya isa, ɗiyata. Allah Shi kai mu." Takardu sun ja mu ƙwarai, amma a babban hutun makaranta, damina ta ja baya gero ya fara ƙosawa a gonakin waɗanda suka iya noma, muka tashi.

A gefen Lisbon suke zaune, can saman wani dogon bene. Kwanakin farko Baba ya yi su da jariri a cinya, yana yi masa wasa yana kiransa "ni kaina". Amma in yaron ya yi barci sai ya je ya tsaya a taga. Motoci, rufin gidaje ja, jiragen ƙasa masu bin waya a tsakiyar titi. Mun fita da shi an nuna masa manyan gine-gine da babban kogin da ya yi wa birnin iyaka, ya yaba kamar yadda baƙo yake yaba tuwon maigida. Da muka dawo ya tambaye ni a hankali, "Wanga gari, ina gonakinsu? Mi suke ci?"

Akwai wata tsohuwa a ƙasan benen, tela ce, ta shaƙu da Auta, kullum sai ta hawo ta ɗauki jaririn. Ita ta lura dattijon ba ya walwala, ta tambayi dalili. Da surukinmu ya fassara mata tambayar Baba, sai ta yi dariya har tana dafa bango. Ta ce ai nan Lisbon ce kawai, wanda bai wuce nan ba bai ga Portugal ba. Ta ce a kai shi arewa, ya ga Porto, ya bi kogin Douro, sannan a hau da shi garinsu, Soajo, inda yayanta yake noma har yanzu. Nan take ta buga wa yayan waya, tana magana da ƙarfi kamar tana kiransa daga wata gona.

Auta ta zauna da jariri, mu uku muka tafi: Baba, ni, da surukinmu. Shi wannan bawan Allah tun zuwanmu yake kewaye-kewaye a gidansa. In Baba yana falo, shi yana kicin. Gaisuwa sai ya durƙusa daga bakin ƙofa, kai a sunkuye. Yanzu ga shi dole ya zama bakin Baba da kunnensa. A jirgin ƙasa na lura in an fito da guzuri sai ya sulale ya koma wani tarago. Baba ma ya lura. Da ya dawo yana goge baki, Baba ya ce, "Zauna nan. Surukuta a gida ake yin ta. A ƙasar mutane ni da kai duk matahiya ne." Ya miƙa masa dabino. Ya karɓa da hannu biyu, ya riƙe shi har muka isa bai ci ba.

Tashar jirgin da ke tsakiyar Porto ita ta fara tsayar da Baba. Bangonta, daga ƙasa har sama, tayil ne fari da shuɗi, an zana mutane a jiki. Akwai yaƙe-yaƙen sarakunansu, waɗannan bai kula su ba. Wajen da aka zana manoma ya nufa: shanun huɗa da karkiya a wuya, mata da kwanduna a ka, masu girbi sun duƙa. Mutane suna ta wucewa da akwatuna suna kauce masa, shi kuwa ya kafe, hannu a baya.

"Tashar mota ce hwa wannan," ya ce.

"Tashar jirgi, Baba."

"Kuma suka zana manomi a bango, inda kowa zai gan shi?" Ya girgiza kai. "Ikon Allah."

Garin kansa a jikin tudu yake, gidaje sun hau kan juna, kowanne da launinsa, har suka gangaro bakin kogi. Wata gadar ƙarfe ta haɗa gaɓa da gaɓa, hawa biyu, jirgi yana bi ta sama motoci ta ƙasa. Muka taka ta sama da ƙafa. Ni da nake koya wa yara taswira, ban yarda na leƙa ba. Baba kuwa ya riƙe ƙarfen ya leƙa sosai, yana nuna mani kwale-kwale da tsuntsaye farare suna shawagi a ƙarƙashinmu. Ya ce bai taɓa ganin bayan tsuntsu yana tashi ba sai ranar.

Da la'asar surukinmu ya kai mu inda kogin yake faɗawa teku. Na sha faɗa wa yara cewa ruwa ya fi ƙasa yawa a duniya, ina faɗa ne kamar yadda ake faɗin karatu. Da na tsaya a wurin, iska tana neman cire mani hula, raƙuman ruwa suna tasowa suna dukan duwatsu da ƙara kamar aradu, sai na gane ma'anar karatun. Baba ya cire takalmi, ya tattare riga, ya taka har inda kumfa take isowa. Ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar. Ya daɗe yana duban inda ruwa ya haɗe da sama.

"Ina gaɓar can?" ya tambaya.

Surukinmu ya ce sai an yi kwanaki a jirgin ruwa kafin a gan ta.

Na ji Baba yana ta tasbihi ƙasa-ƙasa har muka bar wurin.

Washegari muka hau ƙaramin jirgin ƙasa mai bin kogin Douro. Da farko gidaje ne da masana'antu, har na fara gyangyaɗi. Sai Baba ya dafa mani gwiwa. Na buɗe ido na ga kogin dab da taga, kore shar, kwance kamar ba ya tafiya. Daga bakinsa duwatsu suka tashi dama da hagu, kuma kowane dutse an yanka shi matakala-matakala tun daga gindi har ƙololuwa. Kowace matakala da katangar dutse da ta tare ta, a kanta layin inabi. Jirgi ya sha kwana, wani dutsen ya fito, shi ma haka. Ya sake shan kwana, haka. Lokacin tsinkar inabi ne, can sama kana hango mutane ƙanana kamar tururuwa da kwanduna a kafaɗa.

Mu ma muna da duwatsu a wajen Wagini, kusa da garinmu, Baba ya san abin da dutse yake yi wa fartanya. Ya tambayi surukinmu wace irin mota ce ta yi wannan aiki. Ya ce yawancinsa hannu ne, tun zamanin kakannin kakanninsu. Su suka farfasa dutsen, suka jera katangu, suka mayar da tsakuwar ƙasar shuka.

"Da hannu?"

"Da hannu, Baba."

"Wanda ya aza dutsen hwarko, ya sha inabin?"

"Da wuya, Baba."

Baba ya koma ya jingina. Can ya ce, "Waɗannan mutane sun zauna lahiya da daɗewa." Ban gane ba sai da ya ƙara, "Mai jiran a kore shi gobe ba ya gina katanga a bisa dutse."

Mun sauka a wani ƙaramin gari a bakin kogin. Wata mata da ke tsinka kusa da hanya ta ga muna kallo, ta yanko nono guda na baƙin inabi ta miƙo wa Baba. Ya ci, ya lumshe ido, ya ce zuma ce aka ɗura a fata. Da aka gaya masa akasarinsa giya ake yi da shi, ya dubi dutsen ya dubi abin da ke hannunsa, ya ce, "To, su suka sani. Ni dai rabona na ci."

A rana ta gaba surukinmu ya yi hayar mota muka nufi Soajo. Hanya ta yi ta hawa tana murɗawa, ƙoramu suna gangarowa ta ko'ina, masara tsaye a 'yan ƙananan gonaki, inabi ya yi musu shinge. Garin duk dutse ne: gidaje, hanya, kwamin ruwa, har bencin zama. Yayan telar yana jiranmu a dandali, gajeren tsoho kakkaura da hula mai baki. Suka yi musabaha da Baba, sai tsohon ya ƙi sakin hannun. Ya juya tafin Baba ya duba, ya buɗe nasa ya ajiye kusa da shi. Kanta iri ɗaya, faso iri ɗaya, sai dai na Baba ya fara laushi. Suka yi dariya tare, babu wanda ya nemi fassara.

Ya ja mu zuwa gefen gari, inda wani ƙaton falalen dutse ya shimfiɗu. A kansa na ga wasu ƙananan ɗakuna dogaye a tsaye bisa ƙafafu, sun taru wuri ɗaya, kowanne da alamar gicciye a ka. Na ɗauka kaburburan manyansu ne, har na rage murya. Baba ya wuce ni da sauri irin wanda ban ga ya yi ba tun muna Yasore. Ya kewaya ɗaya, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi, ya shafa faifan dutsen da aka aza a kan kowace ƙafa, ya sa yatsa a 'yan tsagogin da ke jikin bango.

"Rumbu ne!" ya ce. "Malamin makaranta, rumbu ne! Dubi, wanga hwaihwan don ɓera ne, in ya hawo ya ishe shi sai ya hwaɗo. Nan kuma iska ke shiga."

Rumbu ne kuwa. Bango dutse, rufi dutse, ƙafafu dutse, ƙofa ce kaɗai katako. Tsohon ya zaro makulli ya buɗe nasa, ga ragowar masarar bara a jere, busasshiya ƙalau. Ya ce kakan kakansa ya gada shi ma. Falalen kuma masussukar gari ce, kowa nan yake kawo amfaninsa, shi ya sa aka tara rumbunan wuri guda, ido ɗaya ya tsare na kowa. Amma da yawa yanzu babu komai a ciki. Ya nuna wannan, masu shi suna Faransa. Wancan, 'ya'yan suna Lisbon. Nasa 'ya'yan ma sai lokacin hutu suke leƙowa.

"Wa ya kore su?" Baba ya tambaya.

Surukinmu ya fassara, tsohon ya ɗaga kafaɗa. Ya ce babu wanda ya kore su, aiki suka bi.

"Ba bindiga, ba hwari, ga ruwa shina gudu a hanya, mutum ya bar wagga ƙasa?" Baba ya dube ni kamar ni zan ba shi amsa.

Sai tsohon ya tambaya, shi Baba da me yake gina nasa rumbun, kuma bana me ya zuba. Surukinmu ya ƙi fassarawa, ya dubi ƙasa. Baba ya ce, "Mi ya ce? Hwaɗa mani." Da ya ji, ya ce, "Gaya mashi da laka da kara muke yi, mu aza bisa duwatsu, mu ɗora jinka. Gaya mashi nawa an ƙone su, da hatsi a ciki. Gaya mashi shanu ma an tahi da su." Ban taɓa jin ya faɗi wannan da bakinsa ba; a Batsari kowa ya sani, ba a tambaya. Surukinmu ya fassara. Tsohon ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Sai ya kama hannun rigar Baba ya ja shi.

Bayan rumbunan, a inuwa, matarsa da wasu tsofaffi biyu suna zaune gaban tulin sabuwar masara suna ɓare ta. Ya jawo wani gungume ya zaunar da Baba, ya tura masa kwando. Ni na ji nauyi, na ce wa surukinmu ya gaya musu baƙo ne, kuma bai daɗe da aikin ido ba. Baba ya ce, "Ƙyale ni." Ya naɗe hannun riga ya ɗauki goyo ɗaya. Kafin a jima kwandonsa ya wuce na kowa. Matar ta riƙa nuna shi tana yi wa mijinta tsiya, ana dariya. Ita ta kawo mana burodin masara mai nauyi, da miyar ganye da ta dafa mana daban ba nama, da wani kwano da na leƙa na ga wake ne, irin namu fari mai baƙin hanci, an zuba masa man zaitun da albasa. Baba ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta, ya ce, "Kai kuma yaushe ka zo nan?" Ranar surukinmu ya ci abinci a kwano ɗaya da Baba.

Da lokacin salla ya yi, tsohon da kansa ya kakkaɓe buhu ya shimfiɗa mana a kan falalen, surukinmu ya duba alƙibla a waya. Muka yi la'asar a tsakiyar rumbunan, kwari a buɗe a gefenmu, duwatsu shuɗi-shuɗi sun jeru har inda ido ya gaza. Su kuma suka dakata da hira har muka sallame.

Rana ta yi sanyi muna shirin tafiya sai muka ji ƙararrawa daga saman dutse. Shanu ne suke gangarowa, jajaye, gajeru, da ƙahoni dogaye a buɗe kamar jajayen shanunmu na rahaji da aka rage wa tsawo. Suka shigo gari a layi ta hanyar dutsen. Baba ya miƙe yana leƙen bayansu.

"Ina makiyayin?"

Tsohon ya ce babu. Su kan hau da kansu su yi kiwo, wasu ma can suke kwana, masu son gida su dawo, kowace ta san ƙofarta. Abin tsoronsu ɗaya ne, kyarkeci.

Baba ya tsaya a gefen hanya, ya kaɗa harshe ya yi irin kiran da yake yi wa nasa. Yawancinsu suka wuce abinsu. Wata karsana ta tsaya, ta juyo, ta matso tana hura hanci. Ya miƙa hannu a hankali ya sosa mata gindin ƙaho, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, rabi Hausa rabi Fillancin da ya tsinta a wajen maƙwabtanmu na ruga. Na ga hawaye yana bin gemunsa, sai na juya na shiga ɗaukar hoton duwatsu.

Bayan mun dawo Batsari, ƙofar ɗakin Baba ta zama majalisa. 'Yan Yasore da na Wagini da ke zaman gudun hijira kamar mu, kullum da yamma sai sun taru, wayata tana yawo hannu zuwa hannu. Teku sun yarda da ita, don alhazai sun ba da labari. Dutsen inabi ma sun yarda, tun da ga hoto. Akwai wani tsohon abokin Baba, Kirista ne daga wata unguwa kusa da Wagini, tun suna samari suke cin kasuwa tare suna tsokanar juna. Shi ya fi daɗewa a kan hoton rumbunan, yana faɗaɗa shi da yatsu yana ƙirga ƙafafun. Ya ce wannan kam ya yarda, har da gicciyen, ai dama su aka sani da tanadi. Amma maganar shanu, ya ce Baba ya rage.

"Shanu su hau daji ba mai kora, su dawo ba a taɓa ko ɗaya ba? Haba. Likitan nan dai ya ƙara maka gani ya wuce misali."

"Wallahi da idona," in ji Baba. "Ga malamin makaranta nan, tambaye shi."

Na ce haka ne, ni ma na gani.

Abokin ya dube ni, ya dubi Baba, ya miƙo mani wayar. Sannan ya ce, "To, ai mu ma a da haka muke." Babu wanda ya musa. Aka kira magariba, Baba ya ɗauki butarsa, abokin ya ɗauki sandarsa ya ce gobe zai dawo, a sake nuna masa gadar nan mai hawa biyu.